Mai Biya Ma Sai Ya Sayi Yarda?

Da wuya a ga katin bashi irin na banki a aljihun mutumin Ƙaraye ko Rogo. Katin da aka sani shi ne na cirar kuɗi, wanda ake miƙa wa mai POS ya zura a na'ura, ya ƙirgo wa mutum abinsa, ya cire ladansa. Amma duk wanda ya ce bashin zamani bai iso waɗannan ƙananan hukumomi biyu na jihar Kano ba, to bai leƙa wayoyin jama'a ba. Da danna *303# an ci bashi, ba shaida, ba jingina, ba ko sallama.

Shekara da shekaru kamfanonin waya suna ranta wa mutane katin kira, suna yanke kashi 15 cikin 100 tun kafin kuɗin ya shiga layi. Wanda ya ranci na naira 1,000, na 850 zai gani, amma ranar da ya sa kati 1,000 cif za a kwashe. Sabon layi ba a ba shi ko sisi. Sai ya kwana biyu ana ganin shigar kati, sannan a yarje masa ɗan kaɗan, a riƙa ɗaga masa gwargwadon yadda yake kashewa. Direban a-kori-kura mai jigilar rake daga ƙauyukan Rogo, in ya mayar da wannan rance abin kowane mako, kafin shekara ta zagayo ya biya naira 7,800 ladan aron 850. Ba zai ji a jikinsa ba, don naira 150 ake gutsura kowane karo.

Ɗan wannan rance ya tattara duk abin da ake cacar baki a kai a ƙasashen da katin bashi ya zama ruwan dare: a fara da kaɗan, a gwada mutum, a ƙara masa, a kuma caje shi a kowane mataki. Ukun farko hikima ce da kasuwar Kano ta sani tun kafin banki ya zo ƙasar nan. Na huɗun ne baƙo, kuma shi ya kamata a ƙi. Wanda ya biya bashi a kan kari ya riga ya biya kuɗin yarda da gaskiyarsa. A sake karɓar wani abu a hannunsa don za a ƙara masa, cin riba biyu ne a kan kaya ɗaya.

A Amurka aka fi ganin inda wannan hanya take ɓullewa. A can kusan duk mai hulɗar bashi yana da maki, wanda aka fi sani shi ne na kamfanin FICO, daga 300 zuwa 850. Da shi ake auna mutum in zai sayi mota ko gida bashi, wani lokaci har in zai kama haya. Wanda aiki ya kuɓuce masa, ko kuɗin asibiti ya durƙusar da shi har ya kasa biya, makinsa ya faɗi, manyan bankuna su juya masa baya. Sai a nuna masa katin masu farawa da masu son gyara suna. Mai dama-dama daga ciki shi ne na jingina: mutum ya ajiye, a ce, dala 200, a ba shi kati mai iyakar dala 200, ya riƙa saye yana biya duk wata, ana kai rahotonsa. In ya yi watanni bai saɓa ba, sau da yawa akan mayar masa da ajiyarsa a ɗaga masa iyaka.

Ɗaya nau'in ba ya neman ajiya, caji yake ci. Bankin First Premier da ke jihar Dakota ta Kudu ya yi suna a nan. Kafin dokar katin bashi ta 2009 da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ta fara aiki, katinsa mai iyakar dala 250 kan zo da caje-cajen shekarar farko da suka kai dala 256. Ladan aro ya fi abin da aka ara ke nan. Dokar ta ce cajin shekarar farko kada ya wuce rubu'in iyakar kati, sai bankin ya nemi wata kafa, ya fito da kati mai kuɗin ruwa kashi 79.9 cikin 100 a shekara. Akwai kuma cajin da ya fi kowanne ban takaici: in an ɗaga wa mai kati iyaka, ana cire rubu'in abin da aka ƙara. Mutum ya yi shekara yana biya bai saɓa ba, tukuicinsa shi ne a ƙara masa dala 100, a rubuta masa bashin 25 nan take.

Kasuwancin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin gwaji kafin yarda. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a shekarar da ta biyo, kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su san manomi ba. Manyan fatake suka ba wa kuɗi, irin su Alhassan Ɗantata wanda ya zama wakilin sayen gyaɗa na Niger Company a 1918, su kuma suka rarraba wa yaransu, yaran suka shiga karkara. Yaron da aka ba kaɗan ya dawo da lissafi daidai, baɗi a ba shi ninki. Har gobe haka ake a Kantin Kwari: a fara ba yaro turmi biyar na atamfa ya kai kasuwar ƙauye, in ya cika alkawari sau biyu sau uku, wata rana dila guda za a ɗora masa a mota.

A shagon mai taki da maganin feshi, ana gab da faɗuwar damina, maganar ba ta wuce haka:

"Alhaji, buhu biyu nake so, a rubuta."

"Bara ɗaya ka ɗauka, Malam."

"Kuma na kawo kafin a gama yankan dawa."

"Haka aka yi. Kai yaro, ɗauko masa biyu."

Littafin irin na 'yan makaranta ne, bangonsa ya yi laushi don shan hannu, biro kuma an ɗaure shi da zare a jikin teburi. Kowane layi suna ne da sunan uba da na gari: wane ɗan wane, Zarewa, wane, Fulatan, wane, Tudun Kaya. Wanda ya biya, a ja layi a kan sunansa a gabansa.

An ninka wa manomin nan iyaka a tsaye, kuma ba a karɓi kwabo don an ninka ba. Ba sadaka Alhaji yake yi ba, ribarsa tana cikin farashin buhu, kuma farashin bashi yakan ɗara na kuɗi hannu. Amma an faɗe shi tun farko, ba ya ƙaruwa da dare. Ranar biya an ɗaure ta da kaka, lokacin da manomi ke da abin biya. Sannan sunan kirkin da ya yi ba ya tsayawa a shago ɗaya: mai shagon kusa ya ji, dillalin hatsi ya ji, har wanda zai ba shi 'ya ya ji.

Kada dai a yi wa tsohon tsarin kwalliyar da ba tasa ba. A cikinsa ake samun mai ba da taki da damina ya karɓi masara da kaka a farashin da shi ya yanka, ya ɓoye, ya fito da ita da bazara ta yi tsada. Kuma wanda ba shi da kowa a gari, da matar da ba ta fita, da baƙon da ya zo ci-rani, littafin Alhaji ba shi da layinsu. Ta wannan giɓi manhajojin waya suka shigo.

FairMoney, Carbon, Branch, Palmcredit, OKash da ire-irensu ba sa tambayar mutum ɗan gidan wane ne. Lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, da waya mai intanet, sun isa. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na baligan Arewa maso Yamma ba su da hulɗa da banki ko wata hanyar ajiya da rance, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. A irin wannan yanki, ƙofar da ba ta tambayar asali ba abin rainawa ba ce.

Rancen farko kaɗan ne, na 'yan makonni. Mutum na biya sai saƙo ya shigo, da Turanci, ana taya shi murna: yanzu ya cancanci fiye da na da. Bai nema ba, bai ce yana da buƙata ba. A shagon taki manomi ne ke zuwa ya ce a ƙara masa don ya ƙara faɗin gona, a waya kuwa mai kuɗin ne ke bin mutum har ɗaka yana cewa ungo. Talla ce aka yi wa shigar lambar yabo, kuma takan iso daidai sa'ar da aljihu ya bushe saboda an gama biyan na baya.

A ɗauki mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye. Ya dasa tumatir, yana buƙatar naira 50,000 ta man inji da maganin feshi. A ce manhaja ta ba shi a kan ruwa kashi 15 cikin 100 a wata, wanda ba shi ne mafi tsada ba, don akwai masu rubutawa da kansu cewa nasu kan kai kashi 30. Bayan kwana 30 ana binsa 57,500, tumatir kuwa yanzu ya fara fure. Ina zai samo? Ya ranto a manhaja ta biyu ya biya ta farko, ta farkon ta taya shi murna ta ɗaga masa iyaka, ya dawo ya ranta ya biya ta biyu. Kafin kuɗin tumatir ya shigo hannu wata uku ya cika, ruwa kaɗai ya haura naira 26,000, fiye da rabin uwar kuɗin. In kuma ɗibarsa ta faɗa a makon da tumatirin Kadawa da na Ɗanja suka cika kasuwa, kwando ya faɗi warwas, shi ke nan. Mai rake ma ba a maganarsa, amfanin da ke shafe kusan shekara a gona me ya haɗa shi da bashin wata guda?

A littafin kamfani wannan manomi abokin ciniki ne na gari: yana ranta, yana biya. A gida shi da matarsa sun san bashin ƙaruwa yake. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a shekara, masu masana'antu suka yi ta kuka. Abin da ya sa manya kuka a shekara, shi mai tumatirin nan ya biya a wata biyu. Ba a ma sa ladan mai POS wajen cirewa da sakawa ba, da kuɗin saƙon alat, da harajin naira 50 a kan turawar da ta kai 10,000, wanda tun Disambar 2024 ya haɗa da masu asusun OPay da Moniepoint.

Wanda ya makara kuwa, a shekarun baya ya ga tashin hankali. Wasu kamfanoni sun riƙa kwashe lambobin da ke wayar mai bashi, su aika wa kowa cewa wane ɓarawo ne. A garin da liman da suruki da mai unguwa duk suna cikin waya ɗaya, wannan kashe mutum ne da ransa. Hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a Agustan 2021. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a Maris 2022, Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan waya, sannan a 2025 FCCPC ta fito da ƙa'idoji masu tarar da ta kai naira miliyan 100. Cin mutunci ya ragu. Tsada da kwaɗaitar da mutum da ƙari suna nan.

Sai maganar gyaran suna, wadda ta shafi karkarar Kano fiye da yadda ake zato, domin shirye-shiryen gwamnati da kansu sun bar mutane da yawa da tabo. Shirin TraderMoni na 2018 ya yi kyau a takarda: naira 10,000 ba ruwa, wanda ya biya cikin wata shida a ba shi 15,000, a yi ta hawa har 100,000. Amma an raba shi a kasuwanni ana gab da zaɓen 2019, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, na zagayawa, 'yan adawa na cewa sayen ƙuri'a ne, masu karɓa da yawa suka ɗauka kasonsu ne na arzikin ƙasa. Haka bashin korona na 2020 da ya bi ta bankin NIRSAL, wanda bankin ya sha nanata cewa rance ne ba kyauta ba, bayan wasu sun riga sun sayi babur wasu sun yi aure. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya. A 2023 asusun IMF ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka biya, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, waɗanda ba su biya ba runduna ce.

Bashin korona da na noma suna rataye da BVN ɗin masu su. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin wanda ya ƙi biya ya kwashi kuɗi a sauran asusun da ke ɗauke da lambarsa. Akwai kuma kamfanoni uku masu lasisin ajiye tarihin bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda dokar 2017 da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashin shugaban ƙasa ta tsara aikinsu. Matashin da wani ɗan kamasho ya cike wa fom a shagon kwamfuta, ya yanki kasonsa ya ɓace, yau in ya je neman jarin gaske za a ce masa sunansa ba lafiya. Shi ne ainihin wanda masu tsadar ruwa ke jira, don ba shi da inda zai je.

Abin haushin shi ne, rajistar nan ba ta san komai ba sai abin da ya bi ta banki ko waya. Matar da ta yi shekara goma tana zubin adashi a Kurugu ba ta taɓa tsallake mako ba, babu inda aka rubuta ta. Manomin da aka ja wa layi kaka bakwai a jere, ga na'ura baƙo ne. Amma ya makara da ɗan ƙaramin rance a waya, sunansa na iya shiga. Kenya ta riga Najeriya ɗanɗana wannan: bayan rancen waya na M-Shwari ya fito a 2012, mutane da dama sun shiga baƙin littafi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har sai da Babban Bankin ƙasar a 2020 ya hana saka sunan mutum a kan abin da bai kai shilin 1,000 ba.

Masu ba da rancen suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ba su san mutum ba, ba jingina, ba adireshin da za a bi, wasu na karɓa su jefar da layi, dole mai biya ya ɗauki nauyin wanda ya gudu. Wannan hujja ta wanke tsadar rancen farko. Na biyar fa? Wanda ya biya sau huɗu ya wuce a kira shi baƙo, kamfani ya san shi fiye da yadda Alhaji ya san manominsa, tunda yana ganin shige da ficen kuɗinsa. In haɗari ne ya kawo tsada, to haɗari na raguwa farashi ya ragu. Wasu kamfanonin suna rage wa tsohon abokin ciniki ruwa, a yaba musu. Masu ɗaga iyaka su bar ruwa inda yake, ko su ƙirƙiro kuɗin hidima a kan kowane sabon mataki, su kam gaskiyar mutum suke tatsa.

Akwai abin da ke sa cutar ta daɗe a ƙasar Kano musamman. Kowa ya san hukuncin riba, don haka mai cin bashin ruwa a ɓoye yake ci. Wanda ya ɓoye cin bashi ba zai tambayi maƙwabcinsa nawa aka caje shi ba, balle ya fito ya ce an cuce shi. Malamai suna wa'azi a kan haramcin, kuma daidai ne, amma mai gona a bakin dam yana saukowa daga masallaci injinsa ba mai. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ na 2019, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi kaya, ya sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko, ya biya a hankali. Cinikin shagon taki ne aka sa wa hatimi. Abin da ya rage shi ne ya sauka daga manyan titunan Kano ya iso Gwangwan da Yammedi, ɗauke da taki da iri, da ranar biyan da ta san kaka. Ita ma hukumar ba da bashi ta CREDICORP da gwamnatin Tinubu ta kafa a 2024 da ma'aikatan gwamnati ta fara, masu albashin da dama banki ke so.

Abin da ya kamata a nema ba shi da yawa. Kafin mutum ya danna amincewa, a nuna masa da Hausa kuma da naira: nawa zai riƙe a hannu, nawa zai mayar, wace rana, nawa ce tarar makara. Kashi kaza cikin ɗari ba da shi ake ciniki a kasuwa ba. A hana karɓar ko kwabo da sunan ɗaga iyaka, kuma kada a ɗaga sai mai bashi ya nema da bakinsa. Kamfanin da ke saurin kai sunan wanda ya gaza wurin masu rajista, a tilasta masa kai na wanda ya biya da irin wannan saurin, don mutum ya iya ɗaukar tarihinsa ya je inda ya fi sauƙi. Babu abin da zai sa kamfanoni rige-rigen rage farashi kamar wannan.

Ƙaraye da Rogo suna da abin farawa ba sai sun jira Abuja ba. Mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, kuma tun Yulin 2024 masarauta ɗaya ta haɗa su. Ƙungiyoyin manoma da na masunta da na mata masu adashi, in suka yi rajista a matsayin ƙungiyoyin gama kai, suka riƙe littafi mai tsabta da dagaci ko mai unguwa zai iya shaida, sun samu abin da za su ajiye a gaban ƙaramin banki su yi cinikin farashi a jimla. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kansa take magana.

Wanda kuma sunansa ya riga ya yi tabo, kada ya yarda a ce masa sabon rance mai tsada ne zai wanke shi. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da aka rubuta masa ba daidai ba. Daga nan zai fara: ya ga wa ke binsa kuma nawa, ya je a daidaita a kan biya kaɗan-kaɗan, ya karɓi takardar shaidar ya gama, sannan ya koma ya tabbatar an gyara rubutun. Fom ɗin da Turanci yake, kuma a intanet, don haka aikin zai faɗa kan yaran shagunan kwamfuta, su da suka cike wa mutane fom ɗin shiga bashin tun farko.